DAGA BOLA ZUWA KAN MURHU: TARIHIN MAƘERAN TUKUNYAR DALMA

 A wannan karon so nake mu leƙa madafi, mu ɗauko tukunyar nan ta dalma da muke tuƙa tuwo a ciki kullum, mu bi diddigin asalinta. Da wuya ki shiga gida a ƙasar Hausa, birni ko ƙauye, ki rasa ta, tun daga 'yar ƙaramar da ake dama wa yaro koko har zuwa ƙatuwar da sai ƙarti biyu sun kama ake sauke ta ranar biki. Saboda sabon da muka yi da ita, da yawanmu mun ɗauka tun kaka da kakanni take. Alhali kuwa ba ta cika shekara ɗari a wannan yanki namu ba. Wasu bayin Allah ne matafiya suka yi ta yawo da sana'ar gari-gari har ta iso mu, jarinsu abin da wasu suka zubar, shagonsu gindin bishiya. Labarinsu nake so in ba ki, don ki san mutanen da guminsu ke kan murhunki, ki kuma san abin da ya kamata ki kiyaye game da tukunyar kanta.

KAFIN ZUWAN DALMA

Kakanninmu da tukunyar ƙasa suka yi girki, suka ci a akushi, suka sha a ƙwarya da ludayin duma. Ƙarfe kuwa abu ne mai daraja ƙwarai, domin sai an haƙo tama, an gina rahoniya, an kwana ana hura wuta kafin a sami ɗan curin da za a ƙera fartanya ko wuƙa. Tarihin Kano ma da maƙera ya faro, mutanen da suka zauna gindin dutsen Dala saboda tamar da ke wurin. Shi ya sa a da ba a yar da ƙarfe. Garma in ta cinye a mai da ita fartanya, fartanya in ta cinye a mai da ita wuƙa, wuƙa ta koma basilla.

Maƙera kashi biyu ne a wurinmu. Akwai maƙeran baƙi masu kayan noma da na yaƙi, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su ne masu yi wa mata mundaye da warwaro da zobba. Su waɗannan tun asali da tsohon abu suke aiki. Kuɗin azurfar nan na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ake buga wa shekarar 1780, fatake sun yi ta shigo da shi ta hamada, maƙeran fari kuma suna narkar da shi suna yi wa amare kayan ado. Kin ga ashe mai da tsoho sabo daɗaɗɗiyar al'ada ce a wurinmu.

Abin da ya sauya komai shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Bayansa motoci suka biyo. Ba a daɗe ba sai ga tarkacen ƙarfe ko'ina: guntayen dogo, sifirin ɗin mota, ganguna, tsofaffin kusoshi. Maƙeri ya ga ƙarfen da ya fi nasa kyau a yashe a bakin tasha, to me zai kai shi daji haƙar tama? A hankali sana'ar narkar da tama ta mutu, ƙira ta koma dogaro da abin da Bature ya gama amfani da shi.

A wannan zamanin ne kuma kananzir ya shigo cikin garwa, wato gwangwanin nan mai kusurwa huɗu mai cin galan huɗu. In mai ya ƙare, garwa ta zama dukiya. Da ita aka riƙa ɗebo ruwa ana sayarwa, shi ya sa har gobe muke ce wa masu sayar da ruwa 'yan garuwa, ko da yake yanzu jarkokin roba suke turawa a kura. Daga garwa da gwangwanin madara da na tumatir aka sami wata sabuwar ƙira, ta masu almakashi da guduma da dalmar liƙi. Su suka ba mu fitilar a-ci-balbal da mai ƙosai ke kunnawa a bakin titi, da mazurari, da rariya, da gwangwanin awo. Ganga ta zama ƙyauren ƙofa da baho da kaskon suya. Tsohuwar taya ta zama takalmin da manomi ke shiga ƙaya da shi, robar cikinta ta zama guga.

ƘARFEN DA YA FI ZINARIYA TSADA

Wannan farin ƙarfe da muke kira dalma a bakin murhu, sunansa na gaskiya alminiyon, tsofaffi kuma na ce masa sanholo ko gorar ruwa. Dalma ta ainihi daban take, ita ce nauyayyar nan mai taushi da ake samu a cikin batirin mota. Ki riƙe wannan bambancin a ranki, za mu dawo kansa.

Alminiyon yana da yawa a cikin ƙasa, amma raba shi da dutsen da yake ciki shi ne jan aiki. Sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Danmak ya fara fitar da ɗan kaɗan. Shekaru da dama bayan nan tsadarsa ta sa sai sarakuna ke iya mallakarsa, har ana ba da labarin wani sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, da yake ajiye cokulan alminiyon don manyan baƙinsa, sauran kuma a ba su na zinariya. Sai a 1886 samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a ƙasarsa ba tare da sanin ɗayan ba, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Daga nan farashinsa ya faɗo ƙasa warwas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, daga 1939 zuwa 1945, aka yi ta ƙera jiragen sama da shi saboda rashin nauyinsa, bayan yaƙi kuma ya shiga injin mota da wayar lantarki da kayan gida.

Sirrin da ya sa talaka ya iya cin moriyarsa guda ɗaya ne: yana narkewa a zafin digiri 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Wato wutar gawayi in an zuga ta da kyau ta isa ta mai da shi ruwa. Kuma komai yawan narkarwar da aka yi masa ba ya gajiya. Tukunyar da ke madafinki, wa ya sani, wataƙila a da fistan ɗin wata tsohuwar lori ce da ta yi shekaru tana dakon gyaɗa zuwa Ikko.

DAGA TIYES SANA'AR TA TASO

Masu binciken tarihin wannan sana'a sun bi sawunta har ƙasar Senegal, a shekarun 1940. A can akwai layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Dakar zuwa Bamako, kuma babban wurin gyaran jiragen yana wani gari da ake kira Tiyes. A irin waɗannan ma'aikatu, in wani ɓangare na inji ya lalace, sai a danna shi cikin damshin yashi a sami siffarsa, a narka ƙarfe a zuba, sabo ya fito. 'Yan ƙasa da ke aiki a wurin suka ƙware da wannan dabara, suka fito da ita gari. A lokacin kamfanonin Turawa na sayar da wata tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafa uku, mai nauyi da tsada, ga shi yaƙi ya sa kayan Turai sun yi wuyar samu. Sai waɗannan mutane suka danna ita tukunyar a yashi, suka zuba alminiyon. Abin da ya fito ya fi ta Bature rashin nauyi, ya fi ta araha, ba ya tsatsa. Wannan ne dalilin da har yau za ki ga manyan tukwanenmu da zagayayyen ciki da 'yan kunnuwa biyu, wasu har da ƙafa uku: kamannin uwarsu suka ɗauko.

Daga Senegal sana'ar ta bi dogo ta shiga Mali, ta gangara Gini da Kwaddibuwa, ta ratsa ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, ta shiga Nijar, har ta game Afirka ta Yamma kaf. Abu biyu suka ba ta ƙafa. Na farko, ba sana'ar gado ba ce. A ƙasashen Mali da Gini ƙirar baƙi ta wasu zuriya ce ta musamman, a nan wurinmu ma galibi ɗan maƙeri ke zama maƙeri. Amma zubin tukunya baƙo ne, ba shi da dangi, don haka ɗan manomi da ɗan malam da maraya duk wanda ya yi haƙurin zama gaban maigida zai koya. Na biyu, ita tukunyar ba ta fashewa. In mace ta saya za ta shekara goma ba ta nemi wata ba. To in maƙeri ya yaye yara uku a gari ɗaya, wa za su sayar wa? Dole yaron da aka yaye ya naɗe tabarmarsa ya nemi garin da ba a san sana'ar ba. Shi ma in ya yaye nasa, su ƙara gaba. Haka ta yi ta tafiya kamar wutar daji.

Da ta iso ƙasar Hausa sai ta tarar da mutanen da tafiya ta zama musu jiki. Tun zamanin fatake kakanninmu ke zuwa Gwanja saro goro, zangunansu na nan a Salaga da Kumasi da Akara, ga Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Masu zuwa Makka a ƙasa kan yi shekaru a hanya ta Cadi da Sudan, suna tsayawa suna sana'a su tara guzuri su ƙara gaba. Ga kuma cin rani, wanda da an kai amfanin gona rumbu namiji zai rataya buhunsa sai damina ta kawo kai. Zubin tukunya ya dace da wannan rayuwa kamar an auna.

YADDA AKE ZUBA TA

Na tsaya na kalli aikin nan da idona, kuma gani ya kori ji. Akwatin katako ne marar gindi, gida biyu, wani kan wani. Sai a kawo tukunyar da za a kwaikwaya, a cika cikinta da lallausan yashi mai ɗan damshi, a daddanna, a kife ta, a barbaɗa toka don kada yashin sama ya manne da na ƙasa, a sake cika bayanta da yashi a kirɓa har ya yi tauri. Daga nan a buɗe akwatin a hankali a zare tukunyar, a mayar a rufe. Gurbin da ta bari a tsakani, shi ruwan ƙarfen zai cika. Ana barin wata 'yar kafa a sama ta zubawa.

A gefe guda yaro na juya wilin keke da aka haɗa da 'yar fanka, iska na bi ta bututu tana zuga gawayi. Wannan shi ya maye gurbin zuga-zugin fata. A kan wutar akwai wani kaskon baƙin ƙarfe, sau da yawa daga tsohuwar tukunyar gas ko injin firji aka yanko shi, a ciki ake jefa tarkacen: fistan, gwangwanin lemo, tsofaffin tukwane, guntayen firam ɗin taga. In ya narke ya yi kamar madubi, sai maigida ya kwashe dattin da ya taso sama, ya kama kaskon da awartaki, ya tuttula a kafar nan da numfashi ɗaya. Bayan 'yan mintoci a farfasa yashin, sai ga tukunya tana tururi. Yara su bi ta da magagari su goge kaifin baki. Yashin kuma a yayyafa masa ruwa a sake amfani da shi.

Aikin na da haɗari ba kaɗan ba. In damshin yashin ya yi yawa, ko aka jefa jiƙaƙƙen gwangwani cikin narkakken ƙarfe, tartsatsi yake yi ya fantsama. Ki duba ƙafafu da hannuwan duk wani tsohon mai zubi, za ki ga tabon ƙuna birjik.

RAYUWAR KAN HANYA

Ina yarinya akwai wani dattijo da yakan sauka unguwarmu duk rani, shi da yara biyu, su kafa rumfar buhu a bayan masallaci. Kayan aikinsa duka buhu ɗaya ne: tukwanen kwaikwayo huɗu wata cikin wata, awartaki, guduma, magagari, da wilin kekensa. Ranar da kakata ta aike ni da tsohuwar tukunyarta da ta huje, na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baba, wai in ji Inna a duba mata wannan, ko za ta liƙu?"

Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "'Yata, je ki ce wa Hajiya wannan ta gama aikinta. In ta yarda in narka ta in ƙara mata kaɗan, gobe war haka ta aiko a karɓi sabuwa, kuɗin aiki da na gawayi kawai za ta biya."

Na ce, "Baba, ina shagonku yake?"

Ya yi dariya ya nuna kansa da yatsa, ya ce, "Ga shi nan. Yashi akwai shi ko'ina, gawayi akwai shi ko'ina, in dai gari na da tashar mota da makanikai, to akwai jarina."

Wannan maganar tasa ita ce gaba ɗaya tsarin rayuwarsu. In ya sauka baƙon gari, zai fara neman mai masauki, ko sarkin zango in a kurmi ne, ya kai gaisuwa wurin sarkin maƙera da ɗan goronsa, a nuna masa inda zai hura wuta nesa da dannin kara. Zaure ko rumfar kasuwa ne makwancinsa. Da safe yara su bazama garejoji da bola neman tarkace, da rana a yi zubi, ranar kasuwa a ɗora a kai ko a mota. Mai wayo cikinsu yakan zauna tsakiyar kasuwanni ya riƙa bin ranakunsu, kamar yadda a ƙasar Kano da Jigawa ake cin Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi. Lokacin cinikinsu kaka ne da bayanta, sa'ad da manomi ke da kuɗi a hannu ana ta ɗaurin aure, domin babu uwar da za ta kai 'yarta ɗaki ba jeren tukwane. In ciniki ya ja baya, ya san garin ya ƙoshi, sai a naɗe buhu.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma baƙon da ke yawo a bola shi aka fi saurin zargi. In aka sace wayar lantarki ko murfin kwalbati, wurinsu ake fara zuwa. Gaskiya ne akwai ɓata-gari cikin masu jari-bola, kuma mai sayen kayan sata shi ma ɓarawo ne. Amma da yawansu mutanen kirki ne da suka zaɓi ƙuna da hayaƙi a kan bara da maula. Iyakokin ƙasa ma sun sha ba su wuya. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da yawa suka baro zango da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori nata baƙin. A 2019 an rufe iyakokin ƙasa na tudu fiye da shekara guda, a 2023 kuma aka sake rufe ta Nijar na wasu watanni bayan juyin mulkin can. Duk sa'ad da manya suka yi irin wannan, ƙaramin mai sana'a ne ke kwana a bakin shinge.

Wasunsu tafiyar ta ƙare musu a wuri ɗaya, suka taru suka zama kasuwa. Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da kasuwar Katako ta Yamai, duk wurare ne da za ki shiga ki ji ƙarar guduma ta cika kunne, ki ga abin da aka zubar jiya ya zama murhu ko akwati ko injin markaɗe.

WADDA AKA BARI A GIDA

To 'yar uwa, ba za a yi tarihin matafiyi a manta da matarsa ba, don rabin wahalar ita ke sha. Wata biyar ko shida tana riƙe da gida, da ɗan hatsin da aka bar mata a rumbu, da yara, da surukai. Ita ce mai ƙuli-ƙuli, ita ce mai saƙar hula da kitso, don kada tukunyar da mijinta ya zuba ta kwana ba a ɗora ta ba. A da saƙo sai ta hannun direba ko ɗan garinsu mai dawowa, ko wasiƙar da za a kai wa ɗan makaranta ya karanta, daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset. Sai da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 sannan mace ta fara sanin inda mijinta ya kwana.

Akwai waɗanda suka dawo da jari suka gina gida suka aurar da 'ya'ya. Akwai kuma waɗanda bariki ta haɗiye, damina ta zo ta wuce ba su ba labarinsu, har mace ta gaji da jira iyayenta su kai magana gaban alƙali. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Don haka ina kira ga iyaye, in mai irin wannan sana'a ya zo neman 'yarku, kada ku raina shi don baƙin hannunsa, amma ku bincika ku ji: yana dawowa kan lokaci? Yana aike? Ku kuma 'yan mata masu jiran mai mota, ku sani mai sana'ar hannu ba a sallamarsa daga aiki.

Iyayenmu shaida ne a kan wannan. Mahaifiyata kan ba mu labarin shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, naira ta karye, kayan waje suka gagari talaka, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. A 1994 kuma aka rage darajar kuɗin sefa da rabi a Nijar da maƙwabtanta. A waɗannan shekarun tukunyar zubi da fitilar gwangwani da takalmin taya su suka rufa wa gidaje asiri. Har masana'antar tace alminiyon gwamnati ta gina a Ikot Abasi, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999. Amma wilin keken nan na bayan masallaci bai daina juyawa ba.

Sai dai kowace riba da hasararta. Maginan tukwanen ƙasa, waɗanda a wurare da yawa mata ne, su suka ji a jikinsu. Kasuwarsu ta tsuke ta koma randa da tulu da kaskon turare da asusu. In kin ɗauki takardar naira 20 kin juya bayanta za ki ga Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta rasu a 1984, tana aikinta. Ita duniya ta san da ita, amma dubban irinta a ƙauyuka sun ajiye yumɓu ba wanda ya ji.

ABIN DA YA KAMATA UWARGIDA TA KIYAYE

Yanzu mu dawo kan dalma ta ainihi. Guba ce, kuma yara ƙanana da mai ciki ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso ba ya gane karatu ba a san dalili ba. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake daka shi a cikin gidaje, ba daga tukunya ba. Amma ya isa ya nuna mana irin abin da muke magana a kai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa.

Matsalar ita ce tarkacen da ake narkawa ba duka ne tsantsar alminiyon ba. Wani yana ɗauke da dalmar liƙi, kamar tsohon lagireto da kayan lantarki. A 2014 masana sun gwada tukwanen zubi a Kamaru suka tarar wasu na sakin dalma cikin abin da aka dafa. A 2017 aka sake gwada guda 42 daga ƙasashe 10, aka sami irin wannan matsala a cikin wasunsu. Abu mai tsami shi ya fi cin jikin tukunya ya jawo abin da ke ciki, kanwa ma tana cin alminiyon.

Ba cewa nake ki kwashe tukwanenki ki zubar ba, na san halin da ake ciki. Amma rigakafi ya fi magani. Kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa da duk abin da aka matsa wa lemon tsami, in da hali ki yi su a tukunyar ƙasa ko ta sitil. In kin gama girki ki juye, kada miya ta kwana a tukunyar dalma, ballantana abincin jariri. Ki rage dirje cikinta da yashi don neman ƙyalli. Wadda cikinta ya yi rami-rami ya zaizaye, ki sallame ta. In kuma za ki ba da zubi, ki aika da tsofaffin tukwanen kamfani da gwangwanin lemo, ki ce wa maigida ko yaron da kika aika ya roƙi mai zubin kada ya haɗa da kayan batir ko na lagireto. Su ma masu sana'ar da yawansu ba su san da wannan ba, kuma su suka fi kowa shaƙar hayaƙin, su da yaran da ke juya musu wili. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya kamata hukumomin lafiya su bi su har rumfunansu su koya musu bambance tarkace, domin korarsu daga gari ba za ta hana mace neman tukunya mai araha ba.

Mu kanmu mata muna da kaso a wannan tarihi. Wa ke warware buhu ta tufka igiya? Wa ke yanka leda ta saƙa faifai da jaka, ta haɗa ƙyallayen tela ta yi wa jariri shimfiɗa, ta wanke kwalbar magani ta zuba humra? Abin da maƙerin hanya ke yi da wuta, shi muke yi da allura a tsakar gida. Don haka in yaro ya yi sallama a ƙofa yana neman tsofaffin gwangwanaye, kada a kore shi da zagi. A tara masa, a yi ciniki da mutunci, in da sauran tuwo a ba shi, domin shi ma ɗan wata ne da ke can tana ƙirga watanni.

Allah Ya tsare matafiya Ya mai da su gida lafiya, Ya ba matan da ke jira haƙuri, Ya raba 'ya'yanmu da cutar da ido ba ya gani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, taku har kullum.